Yadda muka tsara wa wani tela a Katsina shirin gudun fanfalakinshi na farko

Wanda ake magana a kanshi ɗan yayata ne, tela ne, shagonshi na cikin gari nan Katsina, shekarunshi 31 a lokacin, da mata da yara biyu. Bai taɓa gudun da ya wuce kilomita goma ba, abin da ya sani ƙwallon unguwa ce, lamba bakwai yake bugawa, irin masu tsinkewa da gudu ta gefe su dawo suna haki kamar ransu zai fita. A watan Agustan 2024 ya ce shi fa gudun fanfalaki na Legas zai shiga, wanda ake yi duk shekara tun 2016, yawanci a watan Fabrairu, kilomita 42 da mita 195. Ni tsohon malamin motsa jiki ne a sakandare, shi ya sa ya kawo mani maganar, kuma na ga ya dace in rubuta yadda abin ya tafi tun daga farko saboda yanzu samari da yawa a garin nan sun fara fitowa gudu da asuba, tambayar kuma kusan ɗaya ce suke yi, ta yaya mutum zai shirya wa gudun fanfalakinshi na farko.

Ya zo da jadawali a wayarshi wanda ya sauke daga intanet, na sati 16, gudu kwana shida a sati, hutu kwana ɗaya. Jadawalin ba shi da laifi, wanda ya rubuta shi ya san aikinshi, amma fa ba tela a Katsina ya rubuta wa ba. Ya ɗauka mai karantawa ya riga ya saba da kilomita 40 a sati, ya ɗauka yana tashi aiki ƙarfe biyar na yamma ya kwanta da wuri, ya ɗauka yanayin da zai yi tirenin shi ne yanayin da zai tarar ranar gasa. Ko ɗaya cikin ukun nan bai yi daidai da yaron nan ba. Sai muka aje wayar muka ɗauko takarda da biro, kuma sai da muka cinye kusan awa ɗaya ba mu rubuta kilomita ko ɗaya ba, tambayoyi kawai nike mashi, ƙarfe nawa kake kwanciya, wace rana aiki ya fi yi maka yawa, wane wata ɗinki ke taruwa, yaushe rabonka da zazzaɓi.

Kafin komai na tura shi asibiti a auna hawan jini a kuma duba jininshi na sikila. Ya ce Kawu ai ni lafiyata lau, na ce ai ba cewa na yi ba ka da lafiya ba. Mu nan masu AS, wato masu ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon, suna da yawa, da yawansu ba su ma sani ba sai lokacin aure, kuma duk da ba a hana mai AS wasa ba, idan zafi da ƙishirwa da matsananciyar gajiya suka haɗu mashi lokaci guda ya fi sauran shiga haɗari, toh gara a sani tun ba a fara ba. Nashi ya fito AA, jini kuma daidai, aka wuce wurin.

Ranar gasar ta faɗo tsakiyar Fabrairun 2025, ranar Asabar. Muka ƙirgo baya sati 18 sai muka sauka tsakiyar Oktoba. Abin ya yi mana kyau ta hanya biyu, ga damina ta ɗauke, ga azumi kuma sai farkon Maris, kenan zai gama gudunshi ya dawo ya huta kafin ɗinkin sallah ya rufe shi, don kowa ya san tela daga an shiga azumi ba shi ba barci. Satuttukan da suka rage tsakanin Agusta da Oktoba muka mai da su na share fage, gudu sau uku a sati, minti 30 zuwa 40, babu agogon sauri babu komai, kawai jiki ya saba da fita.

A nan matsalar farko ta fito, kuma ita ce ta fi cin lokacinmu. Yaron bai iya gudu a hankali ba. Ɗan ƙwallo in ka ce mashi gudu, abin da ya sani ya ba da wuta har numfashi ya ƙare, sai ka ga ya yi kilomita biyar cikin minti 26 ya dawo yana jin daɗi, washegari kuma ƙwaurinshi na ciwo. Sati uku da farawa ciwon ƙwauri ya kama shi sosai, in ya danna gefen ƙashin ta ciki sai ya yi ƙara. Dalilin sananne ne, zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan satuttuka mutum zai ji numfashinshi ya buɗe, amma ƙashi da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni, toh sai mutum ya ji ƙarfi a ƙirji ya ɗora wa ƙafa nauyin da ba ta kai ba. Na ce mashi daga yau duk gudun da ba za ka iya yin magana cikinshi ba, jimla cikakkiya ba tare da ka yanke ba, ya yi sauri. Ya ce Kawu wannan ai tafiya ce, mutane dariya za su yi mani. Gaskiya ne kam ana yi, in ka fito da asuba dama akwai masu tambayarka wa ya biyo ka, in kuma kana lallaɓawa sai su ce ka koma gida ka kwanta. Abin da ya shawo kanshi shi ne bidiyon 'yan Kenya da yake yawan kallo a Facebook. Na nuna mashi lissafi, Kelvin Kiptum da ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, kowace kilomita wajen minti 2 da daƙiƙa 51 ya yi ta, amma su kansu waɗannan mutanen yawancin tirenin ɗinsu gudu ne mai sauƙi, ƙasa da saurin gasarsu nesa ba kusa ba, kwana biyu ko uku kawai suke matsa wa jiki a sati. In su suna haka, kai wa kake burgewa a titin Ƙofar Ƙaura ƙarfe shida na safe. Muka tsayar da saurinshi na yau da kullum tsakanin minti 7 da 7 da rabi a kilomita, muka ba ƙwaurin hutun kwana goma, ciwon ya tafi bai sake dawowa ba.

Takalmi ma ya taka rawa a ciwon nan, don da wani lafiyayyen kambas na gayu yake fita wanda ƙasanshi kamar katako. Sabon takalmin gudu na gaske kuɗinshi ya fi ƙarfinshi, sai gwanjo, kuma gwanjo ba laifi in ka iya zaɓe. Ka juya ƙasan ka duba ko ya cinye ta gefe ɗaya, ka danna soson tsakiya da babban yatsa ka ga ko yana dawowa, ka ɗauki wanda ya fi lambarka da rabi ko ɗaya saboda ƙafa na kumbura in gudu ya yi nisa. Takalmin gudu yawanci kilomita 500 zuwa 800 yake yi soson ya mutu, na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci rabonshi, shi ya sa muka sayi biyu yana canzawa.

Rabon kwanakin sati shi ne wurin da jadawalin ya zama nashi. Yana azumin Litinin da Alhamis tun yana makarantar allo, bai so ya bari, ni ma ban nemi ya bari ba, sai kawai muka mai da ranakun biyu su ne ranakun hutu. Dogon gudu muka fara tunanin Juma'a tunda ba ya buɗe shago da wuri, amma daren Alhamis shi ne daren da tela ya fi wahala, kowa na son kayanshi na zuwa masallaci, sai ya kai ɗaya na dare kan keke, ga shi ya wuni da azumi, ba yadda za a yi ya tashi ya yi kilomita 20. Sai muka kai shi Lahadi, titi ma ya fi zama fili ba 'yan makaranta ba ma'aikata. Talata gudu mai sauƙi na minti 40 zuwa 50, Laraba ita kaɗai ce ranar da na yarda ya ɗan matsa, shi ma ba tsere ba, minti 20 zuwa 30 a tsakiyar gudun da saurin da zai iya faɗin kalma uku huɗu kawai, Juma'a gudu gajere sannan ya tsaya ya yi motsa jiki na ƙarfafa cinya da ƙugu, tsugunne-tashi da ɗaga dunduniya a bakin dakali da makamantansu, mai wuni zaune kan keken ɗinki ƙugunshi da bayanshi sun fi na kowa buƙatar wannan. Asabar hutu, ƙwallo kuma na soke ta gaba ɗaya har a dawo daga Legas, nan ma sai da aka sha daru, amma takalmi ɗaya a idon sawu ya isa ya rushe wata huɗu. Kwana huɗu kenan a sati maimakon shidan da ya zo da shi.

Wani abu da na lura da shi daga baya, azumin Litinin na biyo bayan dogon gudun Lahadi, kuma jiki a awannin nan yake neman abinci da ruwa ya gyara kanshi. Lokacin da gudun bai wuce kilomita 16 ba babu damuwa, ya ci da kyau ranar Lahadi ya yi sahur mai nauyi shike nan. Da aka haura 24 sai ya riƙa wayar gari Talata ƙafa ba ƙwari. Na gaya mashi abin da na gani na bar mashi zaɓi, shi da kanshi ya ɗaga na Litinin a satuttuka huɗu masu nauyi ya riƙe na Alhamis, tunda nafila ce.

Hanya kuma cikin gari muka tsaya. Wani ya ba shi shawara ya miƙe titin bayan gari ya yi ta tafiya tunda ba motoci, na ce a'a, halin tsaron da ake ciki ba ya ba mutum damar fita bayan gari shi kaɗai gari bai waye ba. Muka auna zagaye na kilomita biyar da waya a gefen filin wasa na Muhammadu Dikko a Karkanda, inda dama akwai masu fitowa motsa jiki, muka yi magana da wani mai shayi yana aje mashi fiya wata da dabino, duk zagaye ya tsaya ya ɗauka. Zagaye na da gundura, ba ƙarya, amma ya fi mutum ya tsinci kanshi kilomita 12 daga gida ba ruwa ƙafa ta ɗaure. Yana fitowa daga masallaci asuba yake farawa, dogon wando mara nauyi da riga mai haske saboda 'yan acaɓa su gan shi.

Dogon gudun Lahadi mun fara da kilomita 12, sai 14, sai 16, sati na huɗu aka koma 12. Wannan komawa bayan da gangan ne, duk sati uku ana hawa na huɗu a sauko, a nan ne jiki ke karɓar aikin da aka yi mashi. Jimillar kilomitan sati ma ba ma ƙara mata fiye da kashi goma cikin ɗari ko kusa da haka. A takardar farko mun rubuta zai kai 32 har sau biyu a Janairu. Amma tun ranar da muka rubuta na ja layi ƙarƙashin wasu ranaku na ce waɗannan su ne ƙashin bayan shirin, sauran duk ana iya yanke su. Idan sati ya cuɗe, Juma'a ce ke fara tafiya, sai Laraba, Lahadi ita ce ta ƙarshe da za a taɓa, kuma abin da ya wuce ya wuce ba a ramuwa. A ganina wannan shi ne abin da jadawalin intanet ba ya gaya maka, yana nuna maka sati 16 a jere kamar ba za ka yi ciwo ba, ba za a yi rasuwa a dangi ba, alhali duk wanda ya yi wata huɗu a ƙasar nan ya san sai wani abu ya gitta, kuma in ba ka yanke tun kana da natsuwa me za ka sadaukar ba, ranar da abin ya zo tsoro ne zai yanke maka, tsoro kuwa cewa yake ka ninka gudun satin gaba.

Ai kuwa ya gitta. Tsakiyar Nuwamba bayan ya yi 18 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Ya sha magani kwana uku ya ji sauƙi, rana ta biyar ya kira ni wai gobe zai fita ya yi 20 ɗin da ke kan takarda. Na ce ko ƙofar gida kar ka fita da takalmin nan. Gudu da zazzaɓi a jiki na iya taɓa zuciya, wannan ɗaya, na biyu maleriya jajayen ƙwayoyin jini take fasawa, su ne kuma ke ɗaukar iska zuwa tsoka, shi ya sa ko bayan mutum ya warke sai ya ɗau lokaci yana haki a abin da da ba ya sa shi haki. Sati ɗaya cur bai yi komai ba, na biyu tafiya da ɗan gudu na minti 20 zuwa 30, sai farkon Disamba ya koma 14, ba 20 ba. Sati biyu da rabi kenan suka tafi, muka zauna muka goge 32 ɗin nan guda biyu muka rubuta 30 guda ɗaya. Ranshi bai so ba, ya ce Kawu in ban taɓa yin 32 ba ta yaya zan yi 42. Na ce wanda ya yi 32 ɗin ma bai taɓa yin 42 ba, ba gudu ɗaya ke kai mutum ba, tarin na watannin ne gaba ɗaya, kuma a saurinka 30 ma kusan awa uku da minti 45 ce a kan ƙafa, abin da ya wuce haka gajiyar da zai bar maka ta fi amfaninshi.

Tsakiyar Disamba muka yi gwaji, rabin tazarar, kilomita 21, na bar shi ya yi iya yinshi. Ya yi awa 2 da minti 19. Shi a lissafinshi sai ya ninka ya ce kenan 4 da 38 zai yi a Legas. Ba haka ake yi ba, ko gogagge sai ya ƙara minti goma zuwa ashirin kan ninkin, sabon shiga ya fi haka, ga zafin Legas ba a saka ba. Muka tsaya a kan minti 7 da daƙiƙa 20 kowace kilomita, wanda zai ba shi wajen awa 5 da minti 10 in komai ya tafi daidai, kuma da sharaɗin duk minti tara na gudu zai yi minti ɗaya yana tafiya tun daga farkon gasar, ba sai ya gaji ba. Wannan ma sai da aka yi gardama, girman kan ɗan ƙwallo, amma da ya gwada a gudun 23 ya ga ya gama ƙafarshi da sauran ƙarfi bai sake magana ba.

Ƙarshen Disamba lokacin bukukuwa ne, ɗinkin anko ya yi mashi yawa, ga yunifom na 'yan makaranta na biye, sati biyu sau uku uku kawai ya fita, ba mu damu ba tunda Lahadi na nan. Hunturu kuma ya shigo da ƙarfi. Sanyin asuba abokin mai gudu ne, amma ƙurar ba ta da kyau, ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi na ce ya bari ko ya rage, ya shafa basilin a hanci da leɓe da dunduniya saboda faso. Yaudarar hunturu ita ce ba ka ganin zufa, iska busasshiya ce tana shanye ta nan take sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa. Na sa ya hau sikelin wani kemis kafin gudu da bayan gudu na awa ɗaya ba tare da ya sha komai ba, ya ragu da kusan kilo ɗaya, kilo ɗaya kuwa kusan lita ɗaya ce ta ruwa, fiya wata biyu kenan. Daga nan muka sa mashi leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, kurɓi kurɓi, a dogon gudu kuma ɗaya daga ciki a haɗa da garin gishiri da sukari irin na masu gudawa. Na kuma ja mashi kunne kar ya ɗauka yawan ruwa shi ne tsira, masu daɗewa a hanya irinshi su ne suka fi faɗawa matsalar shan ruwa fiye da kima har gishirin jini ya yi ƙasa, wannan kuma na kai mutum asibiti.

Sai maganar ci a cikin gudu, wadda yawancin samarinmu ba su san ana yi ba. Jiki na aje sukari a tsoka da hanta wanda bai fi na kalori 2,000 ba ko kusa, mutum mai kilo 70 kuwa zai ƙona wajen 2,900 a kilomita 42, shi ya sa ake ganin mutane na tafiya lafiya lau sai tsakanin kilomita 30 da 35 su tsaya cak kamar babur ɗin da mai ya ƙare mashi a tsakiyar titi. Maganin shi ne a riƙa zuba kaɗan kaɗan tun da wuri, giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a awa. Turawa da wani abu mai kama da zuma a 'yar leda suke amfani, mu dabino muka ɗauka, mai laushi, a cire ƙwallon tun a gida, guda biyu duk minti ashirin bayan awar farko. Busasshen nan mai tauri ya gwada ya kusa shaƙe shi. Kafin fita shayi da burodi ko ayaba biyu, ya taɓa gwada fura da nono ranar gudun 26 cikinshi ya juya tun zagaye na biyu, daga nan fura ta koma ta bayan gudu, inda dama nan ta fi amfani. Duk abin da zai ci ranar gasa sai da aka gwada shi a Lahadi aƙalla sau biyu, har wando da safa da filastar da zai manna a kan nono saboda gogar riga.

Abin da ya fi damuna ni dai shi ne bambancin yanayi. Mutum ya yi wata biyu yana gudu a sanyin da kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, iska a bushe, sannan a kai shi Legas inda tun safe ana wajen digiri 25 ga laima a iska, zufa na zuba amma ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki, kuma mai awa biyar sai wajen tsakar rana zai gama. Jiki na sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 in ana saka shi a ciki kaɗan kaɗan. Toh bayan gudun 30 na ƙarshen Janairu, da muka shiga satuttuka uku na sassautawa, Lahadi ta koma 18 sannan 10, sai muka ɗauke gajerun gudun daga asuba muka kai su bayan azahar, minti 30 zuwa 40 a hankali da riga biyu, ruwa a hannu. Ba zai zama Legas ba amma ya rage. Sassautawar kanta ta dame shi, kullum sai ya ce jikinshi na mutuwa ƙarfinshi na zubewa, na ce haka kowa ke ji, abin da ba ka samu ba a wata huɗu ba za ka same shi a kwana goma ba.

Daga Katsina zuwa Legas ta mota ya haura kilomita dubu, zaman mota na kumbura ƙafa, shi ya sa ya tashi tun Laraba ya samu kwana biyu ya miƙe jiki, ya sauka wurin 'yan uwa a Idi Araba don ba nisa da babban filin wasa na Surulere inda aka tashi a shekarar. Abincin da ya saba ya ci, shinkafa da wake ma na ce a bar waken, ba yaji da yawa.

A gasar, rabin farko ya bi lissafi, ya ce abin da ya fi wuya shi ne minti ɗayan nan na tafiya a farko farko mutane na wuce shi ta ko'ina. Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 ba inuwa ko kaɗan, a nan ya fara wuce da yawa cikin waɗanda suka wuce shi. Ya riƙe har wajen 31, daga nan rana ta buɗe cinyarshi ta dama ta fara ɗaurewa, sai ya koma abin da muka shirya in haka ta faru, gudu minti huɗu tafiya minti ɗaya, daga 37 ma kusan rabi da rabi. Ya shiga Eko Atlantic, inda aka kammala gasar, a awa 5 da minti 31, minti ashirin da ɗoriya bayan abin da muka rubuta.

Da na duba takardar bayan ya dawo, abin da na gani shi ne minti ashirin ɗin nan kusan duka a kilomita goman ƙarshe suka tafi, kuma ɗaurewar cinya ce ba numfashi ba, ba kuma yunwa ba tunda dabinon ya yi aikinshi. Wannan na nuna mani abu biyu, satuttukan da maleriya ta cinye, da kuma motsa jikin Juma'a da shi ne kullum ake fara yankewa in aiki ya taso. In zai sake, sati 20 zan rubuta mashi maimakon 18 don a samu rarar da ciwo zai ci, motsa jikin cinya kuma in raba shi minti goma goma bayan gudun Talata da Laraba yadda ba zai bi Juma'a ya tafi ba. Farce biyu suka fita, sati biyu bai yi gudu ba sai tafiya zuwa shago, azumi ya kama, a cikinshi minti 20 zuwa 30 kawai yake yi bayan tarawihi sau biyu a sati ranar da ɗinki ya bar shi.